Yadda Ake Shirya Tsohuwar Golf GTI Ta Yi Titi Ta Yi Filin Gudu a Zafin Bauchi

Duk wanda ya mallaki tsohuwar ƙaramar mota mai zafin nama, irin su Golf GTI, Peugeot 206 GTi ko Civic Type R, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ƙarin ƙarfin inji, kuma ta nan kuɗi ke fara zurarewa. Abubuwan da ke kayar da mota a Bauchi idan aka matsa mata sanannu ne: zafin Maris da Afrilu da ke kai wa digiri 40, ƙurar hunturu, man birkin da ya tafasa, da tayar da ta tsufa tun tana shago. Saboda haka a jerin aikin da ke ƙasa ƙarfin inji ne ya zo kusan ƙarshe, kuma da gangan aka ajiye shi can.

Za mu ɗauki Golf 4 GTI mai injin 1.8T a matsayin misali, wadda aka ƙera daga wajen 1998 zuwa 2004. Dalili shi ne kayanta ba sa wuya. Kanikawanmu sun saba da Golf, kuma abin da ba a samu a gari ba ana samunsa a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko a aiko daga Ladipo ta Legas. Ƙari a kan haka, tana raba kaya da yawa da Bora, Audi A3 da Audi TT na zamaninta.

Kalmar "fili" a nan tana nufin wuri rufaffe da aka nemi izininsa, aka jera alamomi, aka ajiye 'yan kallo nesa bayan shinge. Wasan mota da ake yi a titi ranar biki ba ya cikin wannan magana, kuma ba ma goyon bayansa ko kaɗan. A hanyar Jos ko ta Gombe, motar nan mota ce kamar kowace, dokar gudu ta hau kanta.

Ka fara sanin abin da ke hannunka

Nemi lambar injin. Tana kan takardar da aka liƙa a murfin taimin bel, da kuma wadda ke cikin but kusa da safayar taya. AGU tsohon samfuri ne mai ƙarfin doki 150 da totur na waya. AUM shi ma 150 ne amma totur ɗinsa na lantarki ne, AUQ kuwa 180. Wannan bambanci zai yi amfani idan aka zo sauya manhajar ƙwaƙwalwar mota, domin AUM da AUQ ana yi musu ta soket ɗin kwamfuta, AGU kuma sau da yawa sai an buɗe akwatin.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, a yi gwaji uku. A auna matsin silinda huɗun da inji mai ɗumi: ana son kowanne ya haura bar 10, kuma su yi kusa da juna. Idan ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, ringi ko bawul ne, kuma gyaran inji ne aikinka na farko. A ɗaura agogon auna matsin baƙin mai na hannu: da mai mai zafi, a juyi 2,000 a minti, kada ya gaza bar 2. Sannan a jona kwamfuta a karanta duk laifukan da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Motar da aka cire mata ƙwan fitilar gargaɗi don a ɓoye laifi tana da yawa a kasuwa. Idan ka murɗa makulli ba ka ga fitilar inji, ta ABS da ta jakar iska sun kama sannan sun mutu ba, ka yi zargin an taɓa.

A ɗaga motar a duba ƙarƙashinta. Ta Beljiyam ta sha gishirin titin Turai, don haka a ƙwanƙwasa bututun birki na ƙarfe da wurin da gatarin baya ke ɗaure. Wadda ta daɗe a gida kuma, a nemi alamar walda a ƙafafun shasi na gaba. Shasin da aka miƙe da sarƙa ba zai taɓa karɓar saiti daidai ba.

Sabis na gaske

Injin 1.8T bawul 20 gare shi, kuma idan taimin bel ya tsinke fistin zai haɗu da su. A canza bel, da abin ɗaure shi, da ƙaramin silindan mai da ke tura abin ɗaurin, da famfon ruwa, duk a zama ɗaya. Famfon ruwa na asali fuka-fukansa na roba ne, kuma yakan sake daga sandarsa: inji na juyawa, ruwa na tsaye. Alamarsa ita ce mota tana lafiya a cikin gari amma ta ɗau zafi da zarar an hau babbar hanya. Nemi mai fuka-fukan ƙarfe na kamfanin kirki. A yanayinmu kada bel ya wuce kilomita 80,000 ko shekara huɗu.

A sauke kwanon baƙin mai na ƙasa. Mutane suna tsallake wannan, alhali shi ne ya fi ceton inji. Akwai rariya a bakin bututun da ke zuƙo mai, kuma idan an daɗe ana zuba mai maras kyau, ƙonannen mai yakan toshe ta. Matsi ya faɗi, tarbo ya fara mutuwa, sai metal ya biyo baya, inji ya buga. Bututun ba shi da tsada, a sa sabo. Wajen mayar da kwano a shafa gam siriri, domin wanda ya yi yawa yakan ɓalle ta ciki ya koma ya toshe rariyar da aka canza.

Baƙin mai: 5W-40 cikakken na roba, mai shaidar VW 502 00, wajen lita 4.5 har da filta. Mai kauri irin 20W-50 da aka saba zuba wa Golf ɗin haya ba ya isa tarbo da wuri idan an tayar da safe, kuma yana saurin ƙonewa a bututun da ke kai masa mai. A juye duk kilomita 5,000, da kuma bayan kowace rana mai tsanani a fili. Jabun mai ya yi yawa, don haka a saya wurin dila da aka sani, a duba hatimin murfi. Araha ba ta ado.

Sauran ƙananan: fulogi huɗu sababbi, filtar fetur da ke ƙarƙashin mota kusa da tayar baya ta dama, da kwayil. Kwayil ɗin waɗannan injuna sun shahara da mutuwa ba sallama, don haka a ajiye ɗaya a but kullum. Duk wata tiyo ta roba da ta yi tauri ko ta tsage a saman inji a canza ta, musamman na numfashin inji da ke ƙarƙashin bututun shigar iska.

Ruwa da zafi

Nan za mu daɗe, domin nan ne al'adar garejinmu ta fi cutar da wannan mota.

Da zarar mota ta fara ɗaukar zafi, abin da aka saba shi ne a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Dukkan ukun kuskure ne a kan 1.8T. Tamostat ɗinta yana buɗewa a digiri 87. Idan babu shi, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ci gaba da zuba fetur da yawa, fetur ɗin ya wanke bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Kuma ainihin ciwon, wato lagireton da ya toshe ko famfon da ya sake, yana nan ba a taɓa shi ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuwa yana barin farin dutse a cikin siraran hanyoyin lagireto, yana kuma cin alminiyon.

Abin da ya kamata: sabon lagireto, sabon tamostat, sabon murfin tulun ruwa domin shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa, da sabuwar mahaɗar roba da ke gefen kan silinda, wadda ke tsagewa idan ta tsufa. A zuba G12 ko G12+ mai ruwan hoda, kashi 40 cikin ɗari, sauran kuma tataccen ruwa irin na batir wanda babu asid a ciki. Kada a gauraya shi da kore ko shuɗi, yakan yi laka.

Fankokin Golf 4 gudu biyu gare su. Ƙaramin gudun yana yawan mutuwa saboda abin rage wutar da ke cikin fankar ya ƙone, sai ta koma jiran zafi ya yi yawa kafin ta taso da ƙarfi. Gwajin mai sauƙi ne: kunna AC mota na tsaye, fankokin biyu su riƙa juyawa a hankali ba yankewa. Idan suna tashi da ƙarfi suna mutuwa, ƙaramin gudu ya tafi. Duba kuma akwatin fis da ke saman batir, domin wurin fis ɗin fanka yakan narke.

Kada ka dogara da allurar zafi ta dashbod. An tsara ta ta zauna a kan 90 ko da ainihin zafin ya sauka ko ya haura da digiri goma ko fiye, don kada direba ya damu. Lokacin da ta motsa, an riga an makara. Sa agogon zafin baƙin mai na daban. Idan ya kai 125 ka sassauta, idan ya kai 130 ka fito. Motar da za ta riƙa shiga fili a bazara tana bukatar ƙaramin lagireton baƙin mai mai layi 13 zuwa 16, da mahaɗa mai tamostat a gindin filta, a kafa shi inda iska ke bugunsa kai tsaye, a kuma nisanta tiyoyinsa daga duk abin da zai goge su. Bayan an sa shi a sake auna mai, domin ya ƙara cin kusan rabin lita.

Duk ƙarshen hunturu a wanke fuskar lagireto da ta kwandensan AC da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana lanƙwashe fuka-fukan.

Birki

Birki iri biyu yake gazawa, kuma maganinsu daban. Idan feda ta yi laushi ta nutse ƙasa, man birki ne ya tafasa. Idan feda tana da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya wuce zafin da zai iya ɗauka.

Man birki yana shan danshin iska. Ƙa'idar DOT 4 ita ce sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155. Yawancin motocinmu ba a taɓa juye musu shi ba, ƙari kawai ake yi. A zuƙe tsohon gaba ɗaya a sa mai jure zafi, kamar ATE Typ 200 mai kai wa 280 ko Motul RBF 600 mai haura 300. Lita ɗaya ta isa. DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kada a kusance shi. Lokacin fitar da iska kada a bar tulun ya ƙafe, domin idan iska ta shiga famfon ABS sai da kwamfuta za a fitar da ita. Mai shiga fili ya juye duk shekara, zai fi kyau bayan damina.

Fad na titi da fili, irin Ferodo DS2500 ko EBC Yellowstuff, yana kamawa da sanyi kuma yana jure zafi. Fad na tsere zalla ba ya kamawa sai ya yi zafi, don haka bai dace da motar da za ta bi ta Wunti da safe cikin 'yan acaɓa da Keke ba. Sabon fad yana bukatar a zaunar da shi: a wuri marar mutane, taka birki da ƙarfi daga gudun 80 zuwa 20 sau takwas ko goma a jere ba tare da tsayawa cak ba, sannan ka yi tafiyar minti goma kusan ba birki don ya huce. Wanda ya tsallake wannan shi ne ke dawowa yana cewa diski ya lanƙwashe, alhali fad ne ya bar tabo a fuskarsa ba daidai ba.

Diskin gaba na 1.8T milimita 288 ne. Idan kaurinsa bai sauka ƙasa da lambar da aka buga a jikinsa ba, ya isa farawa. Ƙarin da ya fi araha shi ne na milimita 312 daga Audi TT: kalifa ɗaya ce, mariƙinta da diski kawai ake canzawa, amma sai da rim inci 16 ko sama. Guji diski mai huji-huji na araha, yana tsagewa daga bakin ramukan. A canza tiyoyin roba na birki zuwa masu saƙar ƙarfe. A baya kuma, fistin kalifa murɗa shi ake yi yana shiga. Wanda ya danna shi da ƙarfin tsiya ya lalata birkin hannu.

Taya

Babu wani abu da za ka saya da zai sauya motar kamar taya mai kyau. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin DOT: 2322 na nufin mako na 23 na shekarar 2022. Tayar Beljiyam mai zane mai kyau amma shekara bakwai robarta ta bushe, kuma a kwaltar Afrilu ita ce ke fashewa. Sayi sabuwa, mai shaidar jure zafi A, guda huɗu iri ɗaya.

Girman da ya dace da hanyoyinmu shi ne 205/55 R16. Ana iya sa 225/45 R17, ta fi kama kwana, amma gefenta gajere ne, rami ɗaya a hanyar Alkaleri ya isa ya kumbura ta ko ya lanƙwasa rim. Inci 18 ado ne kawai a nan. Wanda ke da hali ya ajiye rim kashi biyu, 16 na yau da kullum, 17 na fili. Ramukan rim 5x100 ne, ramin tsakiya milimita 57.1. Rim mai faɗin rami yana bukatar zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa. Ana ɗaure notin taya a Nm 120 da sifanar auna ɗauri. Tsalle a kan sifana yana miƙar da noti har ya karye daga baya.

Ka mallaki abin auna iska naka. Masu faci da yawa suna cika taya har psi 40 ko 45. A titi ka bi abin da ke rubuce a murfin tankin fetur. A fili ka fara da wajen 29 da sanyi, ka yi zagaye biyar, ka auna nan take, ka rage har ta tsaya 33 zuwa 35 da zafi. Kafin ka kama hanyar gida, bayan ta huce, ka mayar da iskar titi.

Ƙafafu

Kwanon baƙin man Golf 4 na alminiyon ne kuma yana ƙasa sosai. Ko ba a rage tsayin motar ba, tudun rage gudu na cikin unguwa yana iya fasa shi. Don haka farantin ƙarfe na kariya a ƙarƙashin inji ya zo kafin duk wata maganar saukar da mota, a bar masa ramukan iska da na juye mai.

Fara da mayar da komai sabo: bol joyin, tayarod, kan shakazoba na sama, da bushin. Bushin baya na hannun gaba yana da ramuka a robarsa kuma yana saurin yagewa. Na Audi TT cikakkiyar roba ce, yana shiga daidai, kuma sitiyari yana ƙara nutsuwa. Bushin gatarin baya idan ya mutu za ka ji bayan mota na lilo a kwana. Duk notin da ya ratsa bushin a ƙarasa ɗaure shi mota tana tsaye a kan tayoyinta. Idan aka ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe ta yage cikin 'yan watanni.

Shakazoba mai kyau a tsayin asali, kamar Bilstein B6, ya fi kowane irin saukarwa amfani a hanyoyinmu. In dai sai an saukar, kada a wuce milimita 25 zuwa 30, da sifirin da aka ƙera don haka. Yanka sifirin da abin walda yana kashe ƙarfen. Saukarwa fiye da haka tana sa hannun gaba ya karkata sama, motar ta ƙara kwanciya a kwana maimakon ta ragu, kuma shaf ɗin dama ya fara gugar sandar hana kwanciya ta gaba.

Halin Golf 4 shi ne ta tura hanci waje a kwana. Maganin da ya fi tasiri shi ne ƙarin sandar hana kwanciya a baya, mai kaurin milimita 22 zuwa 25. A kula: tana sa bayan mota ya zama mai saurin juyowa idan ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, musamman a kan yashi ko farkon ruwan damina. Fara da mafi laushin saiti, ka koyi halinta a fili.

A ƙarshe a yi saitin ƙafa a wurin da ke da na'ura mai nuna lambobi. Tayoyin gaba su miƙe sak, ba shiga ba fita. Idan an sa kan shakazoba mai saiti, a kwantar da saman tayar gaba ciki da digiri 1.5. Fiye da 2 zai cinye gefen ciki a tafiyar Bauchi zuwa Kano.

Giya da kuloci

A juye man giya, wajen lita 2 na 75W-90 mai shaidar GL-4 ga giya biyar samfurin 02J. Rauninta sananne ne: ƙusoshin da suka riƙe babban haƙorin difarensha sukan karye su fasa kaskon giya, kuma tayar da mota da ƙarfi taya na zamewa shi ke jawo hakan. Duk ranar da aka buɗe giyar a maye su da noti masu ƙarfi. Idan aljihu ya yarda, a sa difarensha mai hana taya ɗaya zamewa, irin Quaife ko Wavetrac, a wannan zaman. A fili mai matsattsun kwanoni ya fi ƙarin doki 30 amfani. Ƙaramin maunti na ƙarƙashin giya shi ma a sabunta shi, domin idan ya mutu inji yana tsalle ya fasa salansa.

Sai yanzu ƙarfin inji

Injin nan an yi shi ne don fetur mai oktan 95, namu kuwa yawanci wajen 90 zuwa 91 yake. Haɗa wannan da iska mai zafin digiri 40, za ka ga dalilin da ya sa manhajar da aka rubuta don Jamus ko Ingila take fasa fistin a nan. Fetur yana fashewa kafin lokacinsa, na'urar jin ƙwanƙwasa ta ja wuta baya iya ƙoƙarinta, idan abin ya fi ƙarfinta sai gefen fistin ya ɓalle. Man 'yan bumburutu kuwa kada ya shiga tankin motar da za a matsa wa, ko sau ɗaya.

Mataki na farko shi ne gwajin yoyon iska: a toshe bakin tarbo, a hura iska kamar bar 1, a saurara. Yawancin tsofaffin 1.8T suna zubar da ƙarfinsu ta tsagaggun tiyoyi, kuma toshe su kaɗai yana dawo da dokin da ya ɓata. A canza bawul ɗin mayar da iska da na asali mai lamba da ta ƙare da 710N. Bawul mai fitar da iska waje don a ji ƙarar "fishh" bai dace da wannan inji ba, domin na'urar auna iska ta riga ta ƙirga iskar, sai fetur ya yi yawa duk lokacin da aka canza giya.

Bar akwatin iya kilina na asali da filtar takarda, ka riƙa canza ta da wuri a hunturu. Buɗaɗɗiyar filta mai siffar mazurari tana zuƙar iska mai zafi daga cikin bonet, tana barin ƙura ta wuce ta cinye fuka-fukan tarbo, mai jiƙe da mai kuma tana ɓata na'urar auna iska.

Abin da ya cancanci kuɗi shi ne sanyaya iskar tarbo. Na asali ƙarami ne, yana gaban tayar dama, kuma bayan zagaye uku ya cika da zafi. A wanke cikinsa daga mai, a tabbatar robar da ke jagorar iska zuwa gare shi tana nan. Idan za a sa babba a gaba, a zaɓi matsakaici, domin duk abin da ya tare gaban lagireto yana ƙara wa ruwa zafi.

Sannan manhaja. Injin 150 yana hura kusan bar 0.6 daga kamfani. A Turai sukan kai shi 1.3 ko fiye su samu doki 200 da 'yan kai. Da man da muke da shi, a tsaya wajen bar 1, a gaya wa mai rubutawa a fili cewa don oktan 91 ake so. Bayan an sa, a jona VCDS, wato kwamfutar binciken motocin VW, a yi gwaji a giya ta uku da tsakar rana: rukuni na 020 yana nuna yawan wutar da ake ja baya a kowane silinda, kuma idan yana haura digiri 6 manhajar ta fi ƙarfin man, a rage. Rukuni na 032 yana nuna gyaran fetur, wanda bai kamata ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa ba. A sa fulogi mai sanyi mataki ɗaya, NGK BKR7E, da tazarar milimita 0.7. Tsohon kuloci zai fara zamewa a giya ta huɗu da ta biyar, don haka a sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko. Babban tarbo kuma magana ce ta daban, domin kwanrod na asali yana lanƙwashewa idan ƙarfin murɗawa ya kusanci Nm 400.

Kariyar direba

Bel ɗin kujera na asali mai lafiya da kujerar asali sun fi bel mai maɗauri huɗu da aka ɗaure a ƙasan kujerar baya, wanda ke danne kashin baya idan an yi karo. Bel na tsere sai da kujerar tsere da ƙarfen kariya, ukun tare suke tafiya. Ƙarfen kariya kuma ba aikin mai waldan ƙofa ba ne da bututun ruwa. Ƙa'idar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ga babban bakan ƙarfen da ke bayan direba ita ce bututu marar ɗinki mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, ko 50 da 2, a kan faranti da aka ƙarfafa a bene. Ga motar da ke ɗaukar iyali, cikakken keji haɗari ne, domin kan da babu hular kwano yana iya bugunsa. Nemi hular kwano mai shaidar ECE 22.05 ko 22.06, da abin kashe gobara mai kilo 2 a mariƙin ƙarfe inda hannunka zai kai kana ɗaure. A tabbatar batir yana ɗaure da mariƙinsa, ba da igiyar roba ba.

Ranar fili

A fara da sassafe a tashi kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Kwashe komai daga cikin mota, har da tabarmar ƙafar direba, wadda ke iya shiga ƙarƙashin feda. Baƙin mai ya kasance a layin sama, kada ya wuce. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi, domin a doguwar kwana fetur yana gudu gefe famfo ya zuƙi iska. A share yashi daga kwanoni, a ajiye mutum da tuta a kowane lungun da direba ba ya hangowa, a kuma tanadi mota ɗaya da akwatin taimakon gaggawa a bakin fili.

Zagaye biyu na farko na ɗumama mai da taya ne. Kada zama ɗaya ya wuce minti 15. Zagayen ƙarshe a yi shi a hankali kusan ba birki. Da ka tsaya, bar inji yana aiki minti biyu don mai ya sanyaya tarbo, buɗe bonet, kuma kada ka ja birkin hannu, domin fad zai manne da diski mai zafi ya bar tabo. Sa dutse ko katako a taya, in ka kashe inji ka bar ta a giya. Bayan ƙafafu sun huce a sake gwada notin taya a 120, a leƙa kaurin fad ta cikin rim, a duba ƙarƙashi ko akwai ɗigo. Fad da ya rage ƙasa da milimita 5 kada ya sake shiga, domin siririn fad yana tura zafi kai tsaye zuwa man birki. Rubuta iskar taya, zafin mai mafi girma da zafin gari na kowane zama a ƙaramin littafi, kuma a zuwa na gaba ka canza abu ɗaya tak a jikin motar kafin ka sake aunawa.